Buɗe Baki a Bazara: Ruwan Randa ko Ƙanƙara?

A ƙasar Gobir, daga Tozai zuwa Isa da Sabon Birni, da zarar hunturu ya wuce sai bazara ta kama. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin tsakar rana yakan wuce digiri 40. Azumin kwana arba'in da ake yi kafin Ista yakan shiga cikin wannan lokaci. A shekarar 2025 an fara shi ran 5 ga Maris, 'yan kwanaki bayan maƙwabtanmu Musulmi sun ɗauki azumin Ramadan. Ga kuma ranakun azumi da addu'a da ikilisiyoyi da zumuntar mata sukan sa wa kansu.

Yanzu an sami wani irin azumi kuma wanda mutane suke yi domin lafiyar jiki ko rage ƙiba. Waɗansu suna barin abinci har awa 16, su ci a cikin awa 8 da suka rage. Waɗansu kuwa suna rage ci ƙwarai kwana 2 a mako. Wani likitan Ingila, Michael Mosley, shi ne ya yaɗa wannan na biyun ta wani shiri na BBC a 2012. A irin wannan azumi ba a hana shan ruwa ba, abinci kaɗai ake bari. Duk wanda ya ɗauke shi a ƙasarmu, kada ya haɗa shi da ƙishirwa.

Ko wane iri ne mutum yake yi, tambayar da ake yi a gidajenmu ɗaya ce: idan lokacin buɗe baki ya yi, me za a sha, me za a ci?

Abin da zafi yake ɗauka daga jiki

Manomin da yake sharar gona a cikin rana yana iya zubar da gumi lita ɗaya a awa guda. Gumin nan yana fita da gishirin jiki. Idan ba a mayar da ruwan da gishirin ba, sai ciwon kai da jiri su fara, jijiyoyin ƙafa su ɗaure, fitsari ya ragu ya yi ja kamar shayi. Idan abin ya ci gaba, ƙoda takan taɓu.

A farkon Afrilu 2024 an yi wani zafi mai tsanani a ƙasashen Sahel. A garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, kuma asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutum 102 da suka rasu a kwana huɗu na farkon watan, da yawansu tsofaffi. A yankin Isa da Sabon Birni, inda 'yan bindiga suka sa hanya ta zama abin tsoro a shekarun nan, kai marar lafiya asibiti da dare yana da wuya. Saboda haka rigakafi a gida ya fi magani.

Ruwan sanyi yana cutarwa?

Mukan ji ana cewa ruwan sanyi yana kawo limoniya. Ƙwayoyin cuta ne suke kawo limoniya, sanyin ruwa ba ya kawo ta. Wanda ya kwankwaɗi ruwan ƙanƙara da sauri yana iya jin kansa ya sara ko cikinsa ya murɗa na ɗan lokaci, amma yakan wuce. Haɗarin yana wani wuri dabam.

Na farko shi ne ruwan da aka yi ƙanƙarar da shi. Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin kwalara. Idan an ɗebo ruwan daga rijiya marar murfi ko daga gulbi, cutar tana nan cikin ƙanƙarar, ta narke a cikin zoɓon da aka ba yara. A 2021 amai da gudawa ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, sama da 3,000 suka rasu, Jihar Sakkwato kuma tana cikin waɗanda abin ya shafa. Idan dole ne a sayi ƙanƙara, a bar ta cikin ledarta a tsoma a bokiti, a jera kwalaben ruwa a gefenta. Ta haka sanyin ne kaɗai zai ratsa, ruwanta ba zai shiga abin sha ba.

Na biyu shi ne sukari. Kwalbar lemo ɗaya ta santilita 35 tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali tara. Mutum ya sha biyu da ciki wayam, ba da jimawa ba ƙishi ya dawo, kasala ta rufe shi. Mai azumi don rage ƙiba kuwa ya ɓata wahalarsa.

Randa ba ta neman wutar lantarki

Iyayenmu mata sun san randa tana sanyaya ruwa. Dalili shi ne ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. A busasshiyar iska irin tamu randa ta fi aiki. A ajiye ta a inuwa inda iska take ratsawa, a kan jiƙaƙƙen yashi, a rufe ta, a ware mata moɗa ɗaya mai tsabta. Ruwan da ba a amince da shi ba, a tafasa shi ya huce kafin a zuba.

Wani malami daga Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yi amfani da wannan hikima. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma. Kayan lambu da abin sha sukan daɗe da sanyi a ciki. Wannan aiki ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Kowane gida a Tozai yana iya yin irinta.

Yadda za a buɗe baki

A fara da kofi ɗaya ko biyu na ruwan randa, a sha a hankali. Sa'an nan a kawo abu mai ruwa-ruwa: kunun tsamiya, koko, farau-farau, ko fura da nono, wadda Gobirawa suke kira hura. Gero yana riƙe ciki, nono yana ƙara ƙarfi. Sai dai a tabbata an tafasa madarar kafin a yi nonon, an kuma dama da ruwa mai tsabta. Kankana da gurji suna da amfani, gama kusan dukan jikinsu ruwa ne. Zoɓo da kunun aya na gida sun fi na kwalba, in ba a cika musu sukari ba.

Bayan an huta kamar rabin awa, sai a ci tuwo da miyar kuka ko ta kuɓewa, da gishiri daidai. A rage soye-soye da yaji mai yawa. Abincin da ya kwana a zafin bazara, a ɗumama shi har ya yi tururi kafin a ci. A riƙa kurɓar ruwa har lokacin barci, da asuba kuma a ƙara. Fitsarin safe shi ne ma'auni: idan ya yi haske, ruwan ya isa.

Idan wani ya galabaita, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a ba shi kaɗan kaɗan. Idan ya fara sambatu ko ya suma, jikinsa ya yi zafi ƙwarai, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa, a yi masa fifita, a nemi ma'aikacin lafiya nan da nan. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki.

Waɗanda za su dakata

Mace mai ciki, mai goyo, ƙananan yara, tsofaffi marasa ƙarfi, masu sikila, masu ciwon ƙoda ko gyambon ciki, da masu ciwon sukari da suke shan magani ko allura, kada su ɗauki azumi sai sun tambayi likita. Masu karatu za su tuna da annabi Iliya sa'ad da ya gaji a jeji. Abinci da tulun ruwa Allah ya aiko masa, har sau biyu, kafin ya ci gaba da tafiya.

Muna roƙon fastoci da dattawan ikilisiya, idan za su sa ranar azumi a watan Afrilu, su faɗa wa jama'a a fili cewa mai aiki a rana da marar lafiya suna iya shan ruwa. Iyaye mata kuma, tun da safe a cika randa a rufe.