Rumbu Cike, Yaro da Tamowa

Duk wanda ya ratsa ƙasar Bebeji da Kiru da kaka, ya miƙa ta Tudun Wada har Doguwa, ya ga irin masara da dawa da gyaɗa da waken suyar da Allah ya hore wa mutanen wannan yanki, ga kuma kifin madatsar Tiga wadda aka kammala a 1974, lalle zai yi mamaki in an ce masa tamowa na kwana a gidajensu. Alhali kuwa binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Jihar Kano 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba.

Sababin wannan musiba, a galibi, yana cikin ƙoƙon koko. Idan jariri ya cika wata 6, nonon uwa shi kaɗai ya daina isar sa, sai a shiga ɗura masa koko tsararo safe da yamma, wanda ke cika ɗan cikinsa ya yi shiru, a ɗauka ya ƙoshi, alhali abin da zai gina tsoka da jini da ƙwaƙwalwa bai shiga ba. Masana sun kasa abincin yara gida 8, suka ce a kowace rana yaro ya samu aƙalla 5 daga ciki. Wanda kuwa aka tsare a kan nono da koko, biyu kacal ya samu. Da za a soya waken suya da gyaɗa a niƙa tare da gero, a dama, a zuba ɗan manja da garin zogale, a haɗa masa da ƙwai, da an kai adadin ba tare da an bar ƙauye ba.

Mata da yawa sun ji wannan a wurin awo, sun kuma ji cewa dakashi, wanda wasu ke matsewa su zubar, kariya ce ga jariri daga cututtuka. Amma ina amfanin ilimin matar da uwar miji ta ce mata ƙwai na koya wa yaro sata, kuma rumbu da cefane suna hannun maigida? A ganina nan ne gyara ya fi wajaba, domin ayar Suratul Baƙara da ta ambaci shayarwar shekara biyu, ita ce kuma ta ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa, fuƙaha'u kuwa ba su yi saɓani ba kan wajabcin nafaƙar 'ya'ya a kansa. Ya kamata limamanmu su riƙa faɗin haka tun kafin girbi, don magidanci ya ware wa gida tiya kaɗan ta wake da gyaɗa kafin ya loda sauran zuwa kasuwar Kwanar Ɗangora.