Diyyar Ma'aikacin da Aiki Ya Nakasa: Haƙƙin da Jinkiri Ke Cinyewa

Idan inji ya datse hannun ma'aikaci a wata masana'anta a Sharaɗa ko Bompai, abin da ke biyo baya sananne ne. Mai gida zai biya kuɗin asibiti, ya ɗan ba da wani abu a kai gida, 'yan'uwa su ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Bayan 'yan watanni albashi ya tsaya. Yarda da ƙaddara wajibi ne, amma ba ta hana mutum karɓar abin da doka ta ce nasa ne.

Dokar ita ce ta biyan diyyar ma'aikata, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Disambar 2010, ta maye gurbin ta 1987. Hukumar NSITF ce ke riƙe da asusun diyyar. Kowane mai ɗaukar ma'aikata, gwamnati ko kamfani, zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata, kuma haramun ne a cire ko kwabo daga albashin ma'aikaci don cike wannan kaso. Wanda ya nakasa gaba ɗaya, har ba zai sake iya aiki ba, yana da haƙƙin kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata. Ba sai ya tabbatar da cewa sakacin mai gida ne ya jawo haɗarin ba, ya isa a nuna a dalilin aiki ne. Har haɗarin hanya tsakanin gida da wurin aiki dokar ta haɗa da shi, haka ma cutar da aiki ya haifar, kamar ciwon huhu daga shaƙar ƙura ko kurumcewa daga ƙarar inji. Sojoji ba sa ciki.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne wa'adi. Kwana 14 ma'aikaci ko iyalinsa ke da shi su sanar da mai gida, shi kuma ya kai rahoto ga hukuma cikin kwana 7. Takardar neman diyya dole ta shiga cikin shekara ɗaya, sai da ƙwaƙƙwaran uzuri ake ɗaga ƙafa zuwa shekara uku. To, wa ke tunanin takarda alhali yana kwance a asibitin ƙashi na Dala? Shi ya sa wannan aiki na ɗan'uwa ne ko ƙungiyar ƙwadago. A rubuta sanarwar, a sa kwanan wata, a ajiye kwafi, domin magana ta baka a bakin ƙofar manaja ba ta zama hujja. A karɓi rahoton likita mai bayyana abin da mutum ba zai iya yi ba yanzu, ba sunan ciwon kaɗai ba. Takardun albashi su ma a adana, tunda da su ake lissafi. In an ƙi biya, akwai ɗaukaka ƙara a hukumar, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Wanda ciwonsa bai shafi aiki ba, kamar shanyewar ɓarin jiki, hanyarsa daban ce. Dokar fansho ta 2014 ta ba shi damar taɓa asusun fanshonsa kafin ya kai shekara 50, muddin likita ya tabbatar ba zai iya ci gaba ba. Kuɗinsa ne da ya tara, ba tallafi ba.

Sai dai duk wannan na mai albashi ne. Ɗan dako a Kantin Kwari, mai gini da ake biya kullum, ɗan acaɓa, a aikace babu wanda ke zuba musu komai, kuma su ne mafi yawa. Dokar kare masu buƙata ta musamman da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta hana wariya, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, amma ba ta tanadi alawus na wata-wata ba. Jigawa ce ta gwada hakan a 2007, zamanin Gwamna Sule Lamido, da naira 7,000 a wata ga waɗanda aka tantance a kowace ƙaramar hukuma.