Daga tuwon dawa zuwa shayi da burodi: Abin da ke cikin kwanon tsofaffin Indabo

A Indabo da ke ƙaramar hukumar Wudil a Jihar Kano, yawancin dattawan da suka haura shekara 70 sun tashi ne da kunu da safe, fura da nono da rana, tuwon dawa da miyar kuka da dare. Yau a gidaje da dama, shayi mai sukari da burodi ya maye gurbin kunu, farar shinkafa da taliya sun fara ture tuwo, dunƙulen magi kuma ya kusa korar daddawa daga tukunya.

Wani bincike da mujallar Nature Medicine ta wallafa a watan Maris na 2025 ya nuna cewa irin wannan sauyi yana da tasiri a kan yadda mutum zai tsufa. Masana daga Jami'ar Harvard da abokan aikinsu sun bibiyi mutum sama da 105,000 a Amurka har tsawon shekara 30. Kashi 9.3 cikin 100 ne kawai suka kai shekara 70 ba tare da manyan cututtuka irin su ciwon sukari, ciwon zuciya da kansa ba, da hankalinsu da ƙarfin jikinsu. Waɗanda suka fi cin ganye, 'ya'yan itace, hatsin da ba a cire masa dusa ba, da dangin wake da gyaɗa, su suka fi samun wannan rabo. Masu yawan cin abincin kamfani da shan lemon kwalba su ne a baya.

Ma'aikatan lafiya ne a Amurka aka yi binciken a kansu, kuma rayuwarsu ta sha bamban da ta manomin Indabo. Sai dai idan aka dubi abincin da ya yi musu amfani, kusan duk akwai irinsa a gonar ƙauye: gero, dawa, wake, gyaɗa, zogale, rama da kuka. Abin takaicin shi ne, waken da ƙwan zabin sukan tafi kasuwar Wudil ranar Juma'a, a dawo da taliya da sukari. Hatsin ma sai an surfe shi tas, dusar da ke rage saurin hawan sukari a jini ta tafi wurin awaki.

Babbar matsalar ita ce gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a rana, wato ƙasa kaɗan da ƙaramin cokalin shayi. Kusan rabin dunƙulen magi gishiri ne, kuma miyar da aka jefa wa uku ko huɗu, a kan ƙara mata gishiri a kai. Kanwar da ake sa wa ɗanwake da kunu ita ma tana ɗauke da sinadarin sodiyum, wanda shi ke tayar da hawan jini. Ga tsoho, ƙarshen hawan jinin da ba a kula da shi ba yakan zama shanyewar ɓarin jiki, wanda ke kwantar da mutum ɗaya ya ɗaure gida gaba ɗaya da jinya.

Akwai kuma yunwar da ba a gani. Tsokar jiki tana raguwa da shekaru, shi ya sa tsoho ke buƙatar abinci mai gina jiki a kowace rana. Amma idan haƙora sun zube, sai ya koma kunu tsagwaronsa, ɗan naman da aka sa masa kuma ya miƙa wa jika. Ciki ya cika, ƙafa na rauni, faɗuwa ɗaya a bayan gida sai karaya. Alale, faten wake, nono, garin ƙuli-ƙuli a cikin miya, da kifin Kogin Wudil da aka cire wa ƙaya, duk suna taunuwa ba wahala.

Ƙishirwa ma takan yi wa tsoho ƙarya, domin jin ta yana raguwa da tsufa. A zafin watan Afrilu, kaka na iya wuni ba ta nemi ruwa ba, har sai jiri ko ruɗewa ya kama ta, a ce tsufa ne. Likitoci na shawartar masu kula da ita su ajiye mata moɗa kusa da tabarma, su riƙa miƙa mata tun kafin ta tambaya.