In An Nuna Miki Bambanci A Wurin Aiki, Ina Za Ki Kai Kuka?

A wannan watan za mu ɗan fita daga cikin gida mu leƙa wurin aiki, domin a yau ko a karkara mace mai ɗaukar albashi ba baƙuwa ba ce. Ki duba ƙasar Kunci kawai, wadda gwamnatin Kano ta sauya wa ƙaramar hukumarta suna zuwa Ghari a 2024. Daga Shuwaki zuwa Matan Fada, daga Gwarmai zuwa Ridawa, za ki tarar da malamar firamare, da ma'aikaciyar lafiya mai yi wa masu ciki awo, da mai shara a sakatariya, da wadda ke koyarwa a makarantar kuɗi. Albashin nan, komai ƙanƙantarsa, shi ke sayen taki da damina a gidaje da yawa, shi ke biyan kuɗin magani kafin a kai amfanin gona gida.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne labarin wata da muka yi makaranta tare. Shekara huɗu tana koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta. Da cikinta ya fito, sai mai makarantar ya ce ta je ta huta, in ta haihu a yi magana. Ta yi arba'in ta koma, ta tarar an ba wani namiji ajinta, aka ce mata ai mai goyo ba za ta iya ba. Maigidanta ya je, kawunta ya je, har mai unguwa sai da ya sa baki, kullum amsar ita ce a ƙara haƙuri ana dubawa. Sai da shekara ta zagayo sannan ta je wurin lauya. Ya tambaye ta takardar ɗaukar aiki, babu. Takardar sallama, babu. Albashi kuwa a hannu ake ba ta, ba ta taɓa sa hannu a ko'ina ba. Lauyan ya ce mata, "Malama, na yarda da ke, amma da me zan shiga gaban alƙali?"

Da farko ki sani cewa doka ta san da wannan laifi. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda jinsi, ko addini, ko ƙabila, ko garin da ya fito, ko ra'ayinsa na siyasa. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mai ciki hutun mako 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata shida tana aikin, ya kuma hana a ba ta takardar kora tana cikin wannan hutu. Mai shayarwa ma tana da rabin awa sau biyu a rana. Sai dai wannan doka ta fi shafar ƙananan ma'aikata, masu manyan muƙamai sukan dogara ne da abin da ke rubuce a takardar aikinsu. Akwai kuma dokar 2014 da ta hana tsangwamar masu ɗauke da cutar ƙanjamau, da dokar kare naƙasassu da aka sa wa hannu a Janairun 2019.

To amma wace kotu? A nan ne da yawa ke yin ɓatan kai. Ba kotun shari'ar Musulunci ta garinku ba ce, ba majistare ba, ba ma Babbar Kotun Jiha ba. Rigimar aiki tana da kotunta, wato Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda wasu ke kira Kotun Masana'antu. An kafa ta tun 1976, amma gyaran tsarin mulki na uku, wanda ya fara aiki a 2011, shi ya ɗaga ta ta zama daidai da babbar kotu, ya kuma ce ita kaɗai ke da hurumin sauraren ƙarar nuna bambanci ko neman lalata a wurin aiki. Tana da reshe a birnin Kano, can ne 'yar Kunci za ta nufa. Wani abin da ya bambanta ta da sauran kotuna shi ne an ba ta damar aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Nijeriya ta amince da su, kamar yarjejeniya ta 111 kan hana bambanci wajen aiki, wadda muka shiga a 2002.

Kada ki ce abin a takarda kawai yake. A 2011 wannan kotu, a zamanta na Abuja, ta saurari ƙarar wata ma'aikaciyar ƙungiyar Clinton Health Access Initiative da aka sallama bayan ta sanar da cewa tana da ciki. Kotu ta ce an tauye mata haƙƙi, ta sa a biya ta albashin shekara guda. A 2013 kuma a Legas, wata ma'aikaciyar kamfanin Microsoft da aka kora bayan ta ƙi amincewa da neman da shugabanta ke yi mata ta yi nasara, aka yanke diyyar sama da naira miliyan 13 a kan kowanne ɗaya daga ɓangarori uku cikin waɗanda ta yi ƙara. Duka wuraren biyu ba na gwamnati ba ne, ke nan mai makarantar kuɗi ko mai asibitin kuɗi ba zai ce dokar ba ta hau kansa ba.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne sosai, wato maganar lokaci. Idan aikinki na gwamnati ne, ƙaramar hukuma ko hukumar ilimi ko ta lafiya, akwai wata tsohuwar doka ta kare jami'an gwamnati da ta ce duk mai ƙarar su ya shigar cikin wata uku daga ranar da aka yi masa abin. A baya Kotun Ƙoli ta yanke cewa wannan wa'adi bai shafi yarjejeniyar aiki ba, amma daga baya an samu wasu hukunce-hukuncen da suka yi aiki da shi a kan ma'aikata, har lauyoyi na ta jayayya a kai. Shawarata ita ce kada ki bari ƙararki ta zama wurin gwajin wannan jayayya. Ki ɗauka wata uku kike da shi, ki fara ƙirga daga ranar da aka miƙa miki takarda ko aka tsayar da albashinki.

Wata ukun ma ba cikakke ba ne. Dokokin da suka kafa yawancin hukumomin gwamnati sun ce kafin a kai su kotu sai an rubuta musu takardar sanarwar niyyar ƙara, a kuma jira, galibi wata guda. In ba a yi haka ba, lauyansu zai tashi tun ranar farko ya nemi a kori ƙarar ba tare da an taɓa ainihin maganar ba. Kin ga ke nan abin da ya rage a hannunki bai wuce wata biyu ba. Masu aiki a kamfani ko makarantar kuɗi wa'adinsu ya fi haka tsawo, amma shi ma yana ƙarewa, ga shi shaidu na mantuwa, wasu na canja wurin aiki.

Ni ban ce kada manya su sa baki ba. Mu nan ba a saba mace ta tashi ta nufi kotu kai tsaye ba, kuma sau da yawa maganar dagaci ko ta limami kan gyara abin da alƙali zai shekara bai gyara ba. Abin da nake cewa shi ne agogon doka ba ya tsayawa don ana sulhu a zaure. A tura manya, amma a cikin makon nan ke ma ki rubuta takardar koke zuwa ga shugaban wurin aikinki, ki yi kwafi biyu, a buga miki hatimi da kwanan wata a kan naki. In kina cikin ƙungiya, NUT ga malamai, NULGE ga ma'aikatan ƙaramar hukuma, ki kai musu kwafi. Ki kuma shigar da maigida cikin maganar tun farko, domin tafiya Kano ba sau ɗaya ba ce, ga kuɗin mota, ga yara.

Ita kotun tana aiki ne da ƙa'idojin da ta fitar a 2017. Ba kamar kotun gari ba ce da za ki je ki faɗa wa magatakarda da baki a aika sammaci. A nan komai a rubuce yake, kuma tun ranar farko ake zube shi gaba ɗaya: takardar ƙorafi mai ɗauke da abin da kike nema, da bayanin yadda abin ya faru daki-daki, da sunayen shaidunki, da bayanin kowane shaida a rubuce bisa rantsuwa, naki ma a ciki, da kwafin duk takardar da za ki dogara da ita. In hukumar da kike ƙara tana buƙatar waccan sanarwa ta wata guda, ita ma a haɗa kwafinta. Ana biyan kuɗin rajista a ofishin kotu, ki karɓi rasit. Bayan an kai wa wanda ake ƙara takardun, yana da kwana 14 ya amsa ya kawo nasa.

Babi na 14 na waɗannan ƙa'idoji an ware shi ne musamman don irin wannan ƙara. Bai isa ki ce an zalunce ki ba. Dole ki faɗi a kan wane dalili aka bambanta ki: jinsi ne, addini ne, aure ne ko rashinsa, ciki ne, naƙasa ce, rashin lafiya ne, ƙabila ce, ko shiga ƙungiyar ƙwadago. Sannan ki bayyana abin da aka yi, ta wace hanya, da wace magana ko wace wasiƙa. In neman lalata ne, ki fayyace ko taɓa jiki ne, ko kalamai, ko ishara da hotuna, ko kuwa an gindaya miki shi a matsayin sharaɗin ƙarin girma ko ci gaba da aiki. Na san kunya kan hana mu furta irin wannan, amma abin da ba a rubuta a takardar ƙara ba alƙali ba zai yi hukunci a kansa ba. Wadda aka matsa wa saboda hijabi ita ma nan za ta rubuta addini a matsayin dalili, lauyanta kuma na iya kafa hujja da hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2022 da ya tabbatar wa ɗalibai mata na makarantun gwamnatin Legas 'yancin sa hijabi, ko da yake wancan a kan makaranta aka yi shi.

Babu shugaban da zai rubuta cewa ya kore ki don kina da ciki. Zai ce kina makara, ko kuɗi sun yi ƙaranci. Saboda haka hujjarki tana cikin kwatance ne da jerin kwanaki. Yaushe kika sanar da cikin, yaushe aka ba ki takardar tuhuma ta farko? A shekarun baya an taɓa ba ki? Wa aka ɗauka a gurbinki? Abokin aikinki namiji da ya fi ki makara, me aka yi masa? Ki samu ƙaramin littafi ki riƙa rubuta rana da abin da aka faɗa da wanda ke wurin. Kada ki goge saƙon waya ko na WhatsApp, kada ki sayar da wayar, domin Dokar Shaida ta 2011 ta yarda da su, lauya zai haɗa musu takardar tabbatarwa. In ba a ba ki takardar ɗaukar aiki ba, sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa, ki nema tun ana zaman lafiya. Ki kuma roƙi a riƙa tura miki albashi ta banki, ko da sai kin je Bichi kike cira, domin bayanan banki shaida ce da ba ta jin tsoron kowa.

Ranar zama, za a nuna miki bayanin rantsuwarki ki tabbatar naki ne, sannan lauyan ɗaya ɓangaren ya yi miki tambayoyi a kansa. Da Turanci ake rubuta shi, don haka kada ki sa hannu sai an karanta miki an fassara miki layi-layi, in akwai abin da ba haka ya faru ba a gyara. A gaban alƙali kuma kina iya neman tafinta. Doka ba ta hana ki tsaya wa kanki ba, amma da wannan tarin takardu gara lauya. In babu hali, ki tuntuɓi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA reshen Kano, ko Hukumar Ba Da Agajin Shari'a, ko ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam. Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya ma na bin kadin ma'aikata kyauta, sai dai ba ta karɓar abin da ya wuce wata 12 ko wanda ke gaban kotu.

Ba kowace ƙara ce ke kaiwa ga hukunci ba. Tun 2015 kotun ta buɗe cibiyar sulhu, kuma a Kano aka ajiye ta shiyyar Arewa maso Yamma. Alƙali na iya tura ku can, in an daidaita a rubuta a mayar masa ya mai da shi hukuncin kotu, wanda ya fi alƙawarin baki nesa ba kusa ba. In an kai ga hukunci kuwa, ma'aikaciyar gwamnati da doka ta kafa aikinta ana iya mayar da ita bakin aiki a biya ta albashin da aka riƙe. Ta kamfani ko makarantar kuɗi galibi diyya ake ba ta, da wuya kotu ta tilasta wa mai wuri ya ci gaba da zama da wanda ba ya so. Wanda bai gamsu ba zai tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga can kuma shari'ar aiki ba ta wucewa.

Akwai wata dabara da ake yi wa mata da yawa. A kira ki ofis, a ce don a rufa miki asiri gara ki rubuta takardar ajiye aiki da kanki, har a miƙo miki biro. Kotun Ma'aikata ta san da irin wannan, takan ɗauki murabus ɗin dole a matsayin kora, amma ke ce za ki kawo hujjar cewa tilasta miki aka yi, kuma hakan na da wuya in daga ke sai shi ne a ofishin. Ki ce za ki je gida ki yi shawara. In kuma kin riga kin sa hannu, to washegari ki rubuta wata takardar ki bayyana yadda aka matsa miki, da sunan wanda ya yi da lokacin, ki kai a buga miki hatimin karɓa.