Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ɗaukar wa mahaifi lauya bayan haɗarin mota

Idan mota ta buge dattijo a bakin titi, ko motar haya da wata dattijuwa ke ciki ta kife a hanyar Kano zuwa Zariya, hankalin 'ya'ya yakan koma kan asibiti gaba ɗaya: jini, hoton ƙashi, kuɗin aiki, wanda zai kwana da majinyaci. A cikin waɗannan kwanaki ne kuma dangin direba kan zo jaje, shugabannin tasha su shiga tsakani, wani lokaci har a kawo takarda a ce a sa hannu an gama magana. Yawancin iyalai ba sa tunanin lauya sai bayan watanni, lokacin da kuɗin magani ya cinye abin da ke hannu, shaidu sun watse, rasit ya ɓace. Bayanin da ke biye ya shafi yadda lamarin yake a Najeriya.

Wace irin shari'a ce?

Haɗari ɗaya yana iya haifar da shari'a iri biyu, kuma mutane da yawa suna haɗa su. Ta farko ita ce shari'ar laifi, wadda 'yan sanda ke kai direba gaban kotun majistare bisa zargin tuƙin ganganci. A nan hukuma ce mai ƙara, wanda ya ji rauni shaida ne kawai. Alƙali yana da ikon umartar a biya shi wani abu, amma abin da aka sa a gaba shi ne hukunta direba. Ta biyu ita ce ƙarar neman diyya, wadda wanda aka ji wa rauni ke shigarwa da kansa, galibi a Babbar Kotun Jiha idan kuɗin da ake nema yana da yawa. Saboda wannan ta biyun ake ɗaukar lauya.

Ginshiƙinta shi ne sakaci. Sai an nuna wa kotu abu uku: cewa direba yana da alhakin kula da sauran masu amfani da hanya, cewa ya gaza wajen wannan kulawa, kuma gazawar tasa ce ta jawo raunin. Idan ya tabbata dattijon ma yana da nasa kason laifin, misali ya tsallaka titi ba tare da dubawa ba, kotu takan rage diyyar gwargwadon kasonsa, ba ta soke ta ɗungurungum.

Wane ne mai ƙarar?

Ɗan da ya je ofishin lauya, ya biya kuɗin buɗe fayil, yakan ɗauka shi ne mai shari'ar. A wurin doka kuwa mahaifin ne. Jikinsa aka raunata, haƙƙinsa ake nema, kuma umarninsa lauya zai bi matuƙar yana cikin hankalinsa. Tsufa, ko nauyin ji, ko rashin iya karatun boko, ba sa ɗauke wa mutum wannan iko.

Idan zirga-zirga ta yi masa wuya, yana iya ba wa ɗaya daga cikin 'ya'yansa takardar wakilci, wadda ke bayyana abin da wakilin zai iya yi da abin da ba zai iya ba. Sharaɗinta shi ne ya fahimci abin da yake sa wa hannu. In bai iya karanta Turanci ba, a karanta masa, a fassara masa da Hausa, a kuma rubuta a jikin takardar cewa an yi haka da sunan wanda ya fassara. Idan kuma ya suma bai farfaɗo ba, ko rikicewar tsufa ta riga ta taɓa tunaninsa, takardar wakilci ba ta da amfani, domin ba shi da ikon bayar da ita. A nan ƙa'idojin kotu sun ba da dama wani makusanci ya shigar da ƙarar a madadinsa, kuma galibi sai kotu ta amince kafin a yi kowane sulhu a kan haƙƙinsa.

A gida mai 'ya'ya da yawa, musamman inda akwai ɗakuna biyu ko uku, ya fi kyau a zauna tun farko a fitar da mutum ɗaya da zai riƙa magana da lauya. Lauyan da ke karɓar umarni daga babban wa da safe, da yamma kuma daga ƙanwar da ke biyan kuɗin asibiti, ba zai iya tafiyar da aikin yadda ya kamata ba.

Abin da ya bambanta raunin tsoho

Ƙashin tsoho ba shi da ƙwari kamar na matashi, kuma ba ya haɗewa da wuri. Karayar ƙugu, wadda ta yi yawa a tsakanin tsofaffi, tana iya kwantar da mutum watanni, ita kuma doguwar kwanciya tana jawo gyambo a baya, da ciwon huhu, da daskarewar jini a ƙafa. Bugun kai da aka ɗauka ƙarami ne yana iya sa jini ya riƙa taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai, sai bayan makonni a ga mutum ya fara mantuwa, ko barci mai yawa, ko rikicewar magana. Ma'anar wannan a fannin shari'a ita ce, ba a sanin girman raunin tsoho a makon farko, don haka duk farashin da aka yanka masa a makon farko hasashe ne.

Ɓangaren direba ko kamfanin inshora sukan kawo hujja biyu don rage abin da za su biya. Ta ɗaya, wai dama yana da hawan jini ko ciwon suga ko ciwon gwiwa. Ƙa'idar da kotuna ke bi ita ce, wanda ya yi sakaci yana ɗaukar alhakin raunin a kan mutumin da ya tarar, ko da wani mai ƙarfi ba zai ji ciwo kamar haka ba. Ba zai biya kuɗin tsohuwar cuta ba, amma zai biya na abin da haɗarin ya ƙara mata. Rarrabe waɗannan biyu aikin rahoton likita ne, shi ya sa katin asibitin da dattijon ke zuwa tun kafin haɗarin yake da muhimmanci.

Hujja ta biyu ita ce wai ya yi ritaya, ba shi da albashin da ya rasa. Amma diyya kashi biyu ce. Akwai ta asarar da ake iya lissafawa: kuɗin aiki, magani, mota zuwa asibiti, keken guragu, ladan mai jinya, ribar shago ko amfanin gonar da ya tsaya. Wannan sai an jera ta dalla-dalla a takardar ƙara, an kuma tabbatar da ita da shaida. Akwai kuma wadda alƙali ke ƙiyastawa da kansa: raɗaɗi, wahala, da rasa jin daɗin rayuwa. Mutumin da yake takawa masallaci sau biyar a rana, yake zuwa zumunci da jana'iza, yake tsarki da alwala ba tare da taimakon kowa ba, in ya wayi gari sai an ɗaga shi an kwantar, ya yi asara babba, ko da ba ya karɓar albashin sisi. Lauyan da ya dace da wannan aiki shi ne wanda zai zauna ya tambayi yadda dattijon ke wuni kafin haɗarin, ya kuma san yadda zai gabatar da wannan a gaban alƙali.

Wani abu da ke raunana irin waɗannan ƙararraki a Arewa shi ne ɗauke majinyaci daga asibiti zuwa wurin mai ɗori. Masu ɗori ba sa rubuta rahoto, ba sa ba da rasit, kuma in ƙafar ta lalace ɗaya ɓangaren zai ce ɗorin ne ya lalata ta. Rahoton ƙwararren likitan ƙashi, kamar na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko Asibitin Koyarwa na Shika a Zariya, shi ne abin da kotu ke iya dogara da shi.

Wa zai biya?

Sau da yawa direba ba shi da abin da zai biya. Idan yana tuƙi ne a bakin aikin wani, kamar kamfanin sufuri ko mai tirela, doka tana ɗora wa ubangidan alhakin sakacin ma'aikacinsa, don haka ana haɗa su a ƙara ɗaya. Bayan su akwai inshora, wato yarjejeniyar da mai mota ke biyan kamfani kuɗi duk shekara domin kamfanin ya ɗauki nauyin ɓarnar da motar ta yi wa wasu. Tilas ce a kan kusan kowace mota da ke hawa titi. Daga farkon 2023 Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga ƙaramar motar gida, daga naira 5,000, ta kuma ɗaga iyakar biyan ɓarnar dukiya zuwa naira miliyan 3. Wannan iyaka ta dukiya ce, kada a bari wani ya ce ita ce iyakar diyyar rauni. Takardun inshora na jabu sun yi yawa, amma ana iya duba lambar mota a rumbun bayanan kamfanonin inshora da ke intanet. Lauyan da ya san aikin zai yi wannan a kwanakin farko, ya kuma sanar da kamfanin a rubuce cikin lokacin da doka ta ƙayyade.

Yadda ake tantance lauya

Lauya a Najeriya shi ne wanda ya gama digirin shari'a, ya wuce Makarantar Horas da Lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda da Yola da wasu wurare, aka rantsar da shi, aka sa sunansa a kundin Kotun Ƙoli. Yana da lambar rajista, yana da hatimin da Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, NBA, ke bayarwa don liƙawa a takardun da ya shirya. Tambayar waɗannan ba rashin kunya ba ce, kuma reshen ƙungiyar na garin yana iya tabbatar da shi. Wanda ya biyo iyali har gadon asibiti yana tallan kansa, ko ya turo ɗan kamasho, ya saɓa wa ƙa'idojin sana'ar, kuma wannan kaɗai ya isa a yi hattara da shi.

Kasancewa lauya na gaskiya bai isa ba. Wanda ya ƙware a rikicin filaye ko shari'ar zaɓe ba lallai ne ya san yadda ake karanta rahoton likita ko ake ciniki da kamfanin inshora ba. A zaman farko a tambaye shi irin ƙararrakin rauni da ya taɓa yi da yadda suka ƙare, da wanda zai riƙa zuwa kotu, shi ko yaran ofishinsa, da kuma ko yana da wata alaƙar aiki da mai motar ko kamfanin inshorar. A lura ko ya nemi ganin dattijon ido da ido, ko yana yi masa bayani da harshen da yake ji, ko kuwa da 'ya'yan kaɗai yake magana kamar mai shari'ar ba ya wurin. Wanda ya yi alƙawarin nasara, ko ya ambaci miliyoyi kafin ya ga takarda ɗaya, ba gaskiya yake faɗa ba.

Kuɗin aiki

Wasu lauyoyi suna yanka kuɗi dunƙule, wasu suna karɓa kashi-kashi tare da kuɗin zuwa kotu a kowane zama. Ƙa'idojin sana'ar sun kuma halatta yarjejeniyar kaso a ƙarar neman diyya, inda lauya zai ɗauki wani kashi na abin da aka samu. Ko wacce aka zaɓa, a rubuta ta: kashi nawa, ko kafin cire ɗawainiya ko bayanta, wa zai biya kuɗin shigar da ƙara da na likitan da zai ba da shaida, da abin da zai faru in an sauya lauya a tsakiya. Marasa hali suna iya zuwa Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, domin dokarta ta 2011 ta haɗa da ƙararrakin haɗari. Lauyan da ya ci amana kuma ana iya kai ƙorafinsa ga kwamitin ladabtar da lauyoyi.

Lokaci

Kowace jiha tana da wa'adin da in ya wuce ba a karɓar ƙara. A Legas shekara 3 ne ga ƙarar rauni, wasu jihohi kuma nasu ya bambanta. Idan motar ta gwamnati ce kuma direban yana bakin aiki, Dokar Kare Jami'an Gwamnati tana iya taƙaita wa'adin zuwa wata 3 kacal, wasu hukumomin ma sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su kotu. Ga tsoho akwai wani lissafin: shari'a tana iya ɗaukar shekaru, tunani kuma yana raguwa. Lauya mai lura zai rubuta bayanin dattijon da na shaidu da wuri, ya karɓo rahoton 'yan sanda ko na Hukumar Kiyaye Haɗurra, ya kuma roƙi kotu ta gaggauta sauraro saboda shekarun mai ƙara.

Sulhu da yafiya

Sulhu yakan fi wa tsoho amfani, domin kuɗin jinya a bana ya fi masa hukuncin da zai zo bayan shekara biyar. Babbar Kotun Kano tana da cibiyar sasanta rigingimu tun 2009, irinta kuma akwai a Abuja da Legas, kuma yarjejeniyar da alƙali ya sa wa hannu tana da ƙarfin hukunci. Yafiya ma hali ne mai daraja da addini ya kwaɗaitar a kai, kamar yadda Musulunci ya tabbatar da diyyar rauni a matsayin haƙƙi. Amma haƙƙin na wanda ya ji raunin ne, ɗa ba shi da ikon yafe shi don jin nauyin maƙwabta ko manyan unguwa. Dattijon zai iya yafewa duka, ko ya yafe hukunci ya karɓi kuɗin magani, bayan likita ya faɗa masa abin da ke gabansa. Takardar da ta ce an yi biya na ƙarshe takan rufe ƙofar neman ƙari ko da ciwon ya tsananta daga baya, don haka lauya ya karanta ta kafin a dangwala.

Kuɗin da aka biya dukiyar mahaifin ce. A sa shi a asusu mai sunansa, lauya ya ba da lissafi a rubuce na abin da ya shigo da abin da ya cire. Idan Allah ya yi masa rasuwa kafin a kammala, a sanar da lauya nan take, domin ya nemi kotu ta sa magada a matsayinsa, ko ya duba shigar da wata ƙara a madadin iyalin idan raunin ne ya zama ajalinsa.