Darasin Littafin Ahalari ga Marubuta Jagorar Na'ura

Duk wanda ya taɓa tsayawa da hantsi a bakin rumfar masu tura kuɗi ta waya a unguwar Hausawa ta New Bell, cikin birnin Duwala, ba zai rasa ganin dattijon falke ba, wanda lissafin goro da albasa ba ya kuɓuce masa ko da sefa ɗaya, amma da zarar rubutun Faransanci ya bayyana a fuskar wayarsa, sai ya miƙa ta ga yaron rumfa, wani lokaci har da lambar sirrinsa. Jama'a kan ɗora abin a kan jahilci, alhali kuwa mafi yawan laifin yana wuyan wanda ya rubuta bayanin.

Wannan mas'ala ta daɗe tana damun masana. A shekarun 1980 wani malami mai suna John Carroll, da abokan aikinsa a kamfanin IBM na Amurka, suka zauna suna lura da ma'aikatan ofis masu koyon buga takardu da kwamfuta, sai suka tarar cewa kusan babu mai haƙurin bin littafin jagora daga bango zuwa bango. Kowa da buƙatarsa yake zuwa, ya tsallake muƙaddima, ya latsa abin da zato ya ba shi, idan ya yi kuskure kuma ya rasa mafita, domin mawallafin ya ɗauka ba a kuskure. Da suka taƙaita littafin, suka gina kowane babi a kan aiki guda, suka kuma bayyana yadda ake gane kuskure da yadda ake gyara shi, sai masu koyon suka fi saurin ƙwarewa. Carroll ya tattara wannan ilimi cikin littafin da ya wallafa a 1990. A 1997 kuma Jakob Nielsen ya gwada masu karatu a intanet, ya samu 79 cikin ɗari ido kawai suke gilmawa, 16 ne ke bin kalma bayan kalma.

Mu da muka yi zaman zaure ba baƙi ba ne ga wannan hikima. Shehu Abdurrahman al-Akhdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, da ya tsara ɗan littafin da muke kira Ahalari, bai cika shi da saɓanin malamai ba, ya tafi ne ga abin da almajiri zai aikata yau, wato tsarki da alwala da salla, sannan ya ware babi mai faɗi ga rafkanuwa, inda ya fayyace wa wanda ya rage ya yi ƙabli, wanda ya ƙara ya yi ba'adi, saboda ya san ɗan Adam ajizi ne. Abin da falken New Bell yake nema ke nan: idan ya tura kuɗi ga lambar da ba ita ba, a gaya masa cikin jimla biyu wanda zai kira da abin da zai ambata, ba a sallame shi da cewa aiki bai yiwu ba.

Saboda haka muna kira ga samarinmu masu ƙera manhaja, na Bonamoussadi da Akwa da sauran unguwanni, da su rubuta taimako a harshen da ake ciniki da shi, Hausa da Fulatanci su tsaya kusa da Faransanci da Ingilishi, a haɗa da murya domin wanda ajami kawai ya karanta. Nielsen ya nuna cewa gwaji da mutum biyar yakan tono mafi yawan aibin manhaja. To, kafin ku saki aikinku, ku kai shi kasuwa, ku miƙa wa dattawa biyar waya, ku kame baki ku zuba ido; duk inda yatsansu ya tsaya, nan ne alƙalaminku ya gaza, sai ku koma ku gyara.