Ɗanmu Da Ciwo Mai Fuska Biyu

Ba za mu faɗi sunansa ba, gama ɗan fari ne, kun kuwa san al'ada. Amma da izninsa mu ke rubuta wannan labari. Sa'ad da muka tambaye shi, sai ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Baba, ku rubuta. Watakila wani yaro ya tsira daga sarƙa saboda ni."

Yadda abin ya soma

Cikin watan Maris na 2017 ne, yana da shekara 16, yana makarantar kwana, aka aiko mu zo maza. Yaron nan mai kunya ne tun yana ƙarami, sai an ja shi da magana. Amma ran nan muka tarar bakinsa ba ya rufuwa. Kafin ya gama wannan zance ya kama wancan. Aka gaya mana kwana 5 bai yi barcin kirki ba, duk da haka ba ya jin gajiya. Ya rarraba tufafinsa da kuɗin guzurinsa ga 'yan ajinsu. Ya cika littattafai 3 da zanen wani inji wanda ya ce zai kai ruwa kowane ƙauye a ƙasar nan. In aka katse masa magana, sai faɗa.

Muka kawo shi gida, masu gaisuwa suka cika tsakar gida, kowa da irin tasa shawara. Wani ya ce wiwi ne. Wata ta ce karatu ne ya yi masa yawa. Waɗansu suka ce sammu ne, waɗansu kuwa iska. Mu ma kanmu mun yi kuskure, ba za mu ɓoye ba. Mun ɗauka rashin kunya ne, muka yi masa faɗa, har bulala ta shiga ciki. Ba abin da ta ƙara sai ɓacin rai.

Wani ɗan'uwa ya kai mu wani gida inda ya ce a kan warkar da irin wannan. Muka ga samari zaune a gindin bishiya da sarƙa a ƙafa, waɗansu har ƙarfen ya ci idon sawunsu. Mahaifiyar yaron ta dube su, ta ce, "Maigida, mu koma." Muka juyo da ɗanmu.

Bayan mako 6 sai abin ya lafa don kansa. Muka ce ai ya warke, muka yi godiya. Ashe da sauran rina a kaba. A watan Agusta ciwon ya nuna ɗaya fuskarsa. Yaron ya shiga ɗaki ya kwanta. Ba ya son abinci, ba ya wanka, ba ya son ganin abokai. Wata rana da dare ya ce, "Mama, da ba ni a duniya, da kun huta." Wannan magana ce ta tashe mu tsaye. Wata nas a ikilisiyarmu ta ce kada mu ƙara kwana, ta kuwa raka mu har wurin likitan hankali.

Abin da likita ya gaya mana

Likita bai yi gaggawar ba ciwon suna ba. Ya fara auna jini, domin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da sanƙarau, da ciwon ƙwayar nan ta wuya wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo, duk suna iya rikita hankali. Ya tambayi yaron shi kaɗai game da wiwi da tiramol da kodin. Sa'an nan ya tambaye mu ko an taɓa yin mai irin wannan hali a dangi. Sai muka tuna da wani ƙanen kakansa, wanda loto-loto a kan ce "tsohon ciwonsa ya tashi."

Daga nan ya ce mana sunan ciwon baifola, watau ciwo mai fuska biyu. Fuska ɗaya tashi ce: mutum ya kan ji ƙarfi fiye da kima, barci ya ƙaurace masa, magana ta yi yawa, ya ga kansa ya fi kowa, ya ɓarnatar da kuɗi, wani loto har ya riƙa jin muryoyi. Likitoci su kan kira shi cikakken tashi in ya kai kwana 7, ko kuwa in ya kai ga kwanciya a asibiti. Ɗaya fuskar faɗuwa ce: baƙin ciki mai nauyi, da mutuwar jiki, da ganin kai ba shi da amfani, har mako 2 ko fi. A tsakanin biyun mutum ya kan yi watanni ko shekaru lafiya lau. Kamar kogi ne, da damina ya yi ambaliya, da rani ya ƙafe, amma kogin ɗaya ne.

Ba sabon ciwo ba ne, ba kuma na wata kabila ba ne. Tun 1854 wani likita a Faransa, Jean-Pierre Falret, ya rubuta yadda ya ke zagayowa. A 1899 wani Bajamushe, Emil Kraepelin, ya ware shi daga sauran cututtukan hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum wajen miliyan 40 ne ke da shi. Yawanci ya kan fara nuna kansa daga shekarun balaga zuwa shekara ashirin da 'yan kai, yana da wuya a same shi ga ƙaramin yaro. Saboda haka ba kowane yaro mai ƙiriniya ko saurin fushi ne ke da shi ba. Abin lura shi ne canji: yaron da kuka sani ya zama wani dabam har kwanaki da yawa.

Ciwon yana bin jini, amma ba tilas ba ne. In uba ko uwa na da shi, cikin 'ya'ya 10 wajen 9 ba za su kamu ba. Rashin barci, da shaye-shaye, da damuwa mai yawa su kan tayar da shi ga wanda ya ke da shi a kwance. Likitan ya dube mu ya ce, "Baba, Mama, ba renonku ne ya jawo ba, ba kuwa laifin yaron ba ne." Ran nan muka sauke wani kaya wanda mun yi wata 5 muna ɗauke da shi.

Zancen magani

An sa ɗanmu a kan wani magani mai suna litiyam. Wani likita a Ostareliya, John Cade, shi ya nuna amfaninsa a 1949, har yanzu kuwa yana cikin waɗanda suka fi hana ciwon komowa, yana kuma rage hatsarin kashe kai. Amma magani ne mai son kulawa. Tilas a riƙa auna yawansa cikin jini, da fari a kai a kai, daga baya kowane wata 3 zuwa 6, a kuma duba ƙoda da ƙwayar wuya. A ƙasarmu mai zafi akwai abin tsoro ɗaya: in ruwan jiki ya ragu saboda gumi, ko gudawa, ko amai, ko azumi, sai maganin ya taru ya zama dafi. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak ma su kan sa ya taru, don haka kada a saya a kemis a ba shi sai an tambayi likita. In aka ga hannu na rawa ƙwarai, ko tangaɗi, ko harshe ya yi nauyi, a dakatar da maganin, a tafi asibiti nan da nan.

Akwai waɗansu magunguna kuma. Iyayen 'yan mata su lura da wanda a ke kira balfurowet, gama yana iya lahanta jariri a ciki. Waɗansu su kan sa ƙiba da yawan barci. Maganin baƙin ciki kuwa, in aka sha shi kaɗai, yana iya tunzura mutum zuwa tashi. Shi ya sa lalle ne a gaya wa likita dukan labarin, har da lokacin da yaron ya yi kamar ya fi kowa lafiya.

Kuskurenmu na biyu ya fi na fari tsada. A 2019 yaron ya yi wata 18 garau. Ya ce maganin yana sa shi ƙishirwa, mu kuwa kuɗin mota da na awon jini sun dame mu. Muka yarda ya bari, ba mu shawarci kowa ba. Kafin wata 3 ya sayar da keken ɗinkin mahaifiyarsa, ya hau mota ya tafi. Kwana 4 muna nema tasha tasha kafin wani direba mai tausayi ya kawo shi, ba ko takalmi a ƙafarsa. Sai da ya kwanta asibiti mako 3. Tun daga nan muka gane wannan ciwo ɗan'uwan ciwon sukari ne da hawan jini: a kan riƙe shi, ba a kan yi sallama da shi ba.

Abin da shekaru suka koya mana

Na fari, barci shi ne ƙofar gida. A gidanmu ƙarfe 10 na dare a kan kashe fitila, a ajiye waya. Karatun dare da kwanan biki da kwanan addu'a ba nasa ba ne. In ya yi kwana 2 barcinsa ya ragu, amma ya ce ba ya jin gajiya, ba ma jira, sai mu nemi likita.

Na biyu, muna da ɗan littafi inda mu ke rubuta awa nawa ya yi barci, da yadda ya wuni. Sa'ad da ya ke lafiya muka zauna tare da shi muka rubuta alamunsa na farko, da abin da ya yarda mu yi in sun bayyana, kamar riƙe masa kuɗi. Yarjejeniyar da aka ƙulla cikin natsuwa ta fi gardamar da a ke yi cikin hargitsi.

Na uku, lokacin tashi kada ku yi musu da shi, kada kuwa ku yi masa dariya. Ku rage murya, ku rage baƙi. Lokacin faɗuwa kada ku ce masa rago, ko ku ce bangaskiyarsa ce ta raunana. Ku zauna kusa da shi, ku ja shi ya ɗan taka da yamma.

Na huɗu, in ya yi zancen mutuwa, kada ku ce wasa ya ke yi. Ku tambaye shi a fili ko yana tunanin kashe kansa, gama tambaya ba ta sa wa mutum wannan tunani. Ku kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da igiya, ku kulle magunguna, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti ran nan.

Na biyar, kada ku manta da sauran yara. Ƙanwarsa ta taɓa ce mana, "Sai wanda ba shi da lafiya a ke so a gidan nan." Maganar ta yi mana zafi, amma tana da gaskiya. Muka bayyana musu ciwon daidai da hankalinsu. Ku ma iyaye ku riƙa karɓar juna, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ina za a je?

Akwai asibitocin hankali a Barnawa cikin Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano. Asibitocin koyarwa na Jos da Zariya ma suna da sashen wannan aiki. In sun yi muku nisa, ku fara da babban asibitin da ke kusa, ku roƙi takardar da za ta kai ku gaba. Ku sani kuma, a watan Janairu 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar hankali ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwa ta 1958, ta kuwa ce a bi da mai wannan ciwo da mutunci.

Tun 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya soma wani tsari a Aro kusa da Abeokuta. Marasa lafiya su kan sauka a ƙauyukan kewaye, kowa tare da wani danginsa, su riƙa zuwa asibiti da rana. Ya gane magani ya fi ci in dangi na kusa. Mu ma abin da muka gani ke nan. Ba mu daina addu'a ba ko rana ɗaya, ba mu kuwa ƙara fasa magani ba, ba mu ga ɗaya ya hana ɗaya ba.

Muna da roƙo ga maƙwabta da 'yan'uwa. Sa'ad da ƙanensa ya karye a ƙafa, kwanonin abinci sun cika mana ɗaki. Sa'ad da shi ya kwanta a asibitin hankali, mutum 2 kaɗai suka zo. In kun ji gidan wani ya shiga wannan hali, ku je ku gaishe su kamar yadda a ke gaida kowane mai jinya. Kada ku bar yara su bi shi da waƙa.

Yau ɗanmu ya gama makarantar koyon sana'a, yana gyaran famfon burtsatse. Da kuɗin aikinsa na farko ya sayo wa mahaifiyarsa keken ɗinki. Ya gaya wa yarinyar da ya ke nema gaskiyar ciwonsa, ta ce za ta raka shi ganin likita kafin ta ba shi amsa. Ba mu san abin da za ta ce ba, ba mu kuma san ko ciwon zai sake tashi ba. Amma kowane dare ƙarfe 9 mu kan ji shi yana ɗibar ruwa a randa don ya sha maganinsa, sa'an nan mu ma mu kan iya runtsawa.